Sabi'u da Iskar Bayan Ɗakin Inna

Da sunan Allah za a fara, Shi da Ya yi zafi Ya yi sanyi, Ya ba kowane bawa hanyar cin abincinsa. Labarin Sabi'u ne, mai gyaran firigo, wato firji, wanda rumfarsa take kusa da tashar Tanut, inda matattun firigogi suke jere a ƙofa kamar masu jiran mota.

A Falanko aka haife shi. Ba a daɗe da yaye shi ba uwarsa ta rasu, Allah Ya jiƙanta, sai ƙanwar ubansa ta je ta goyo shi ta kawo Tanut. Ita ce wadda duk unguwa ke ce wa Inna. Ta haɗa shi da ƴaƴanta biyu, Yakubu babba da Abdulgafar ƙarami, ƙwarya ɗaya, tabarma ɗaya, bulala ɗaya. Da yake shi ɗan namiji ne su ƴaƴan mace, taubasai ke nan, tun suna tsirara suke tsokanar juna, har yau da furfura ta fara leƙo musu ba su daina ba.

Sabi'u bai taɓa son gona ba. A tura shi korar tsuntsu, a same shi gindin aduwa yana kwance tocila. Rediyon mijin Inna ma, Allah Ya haskaka kabarinsa, sai da ya buɗe ta don ya ga mai maganar da ke ciki. Ya sha duka ranar, amma da ya mayar da ita sai ta fi da magana. Da ya tasa ya tafi Damagaram, ya yi shekara bakwai ƙarƙashin wani mai gyara, ya ƙara biyu a Agadas, ya dawo da akwatin ƙarfe da gajen haƙuri. Ya auri Nafisa, ya kafa rumfa. Masu ƙanƙara da masu yawur, nonon nan na kanti, duk sun san shi, har daga Belbeji ake ɗoro masa firigo a bayan mota. Ba ya wasa da salla, ko hanjin inji na waje in an kira zai wanke hannu ya tafi. Aibinsa ɗaya, bayan faɗa: abin da ya gyara da hannunsa ba ya komawa ya sake dubawa. Ya ce raina kai ne.

To, bara Inna ta kwanta. Ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi gajere, likita ya ce zuciya ce, kuma zafin bazara ba abokin zamanta ba ne. Yakubu, da yake can Damagaram yake aiki yana da gida mai sanyi, ya ce a kawo ta wurinsa. Inna ta ce ko gawarta ba za a kai ba. Nan mijinta yake kwance, nan rumbunta yake, nan take jin kiran sallar limamin da ta saba da muryarsa. Aka yi ta ja, har Yakubu ya gaji ya aiko da kilim, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, tare da wanda zai kafa ta. Rabi ɗaya aka liƙa a bangon ɗakin Inna daga ciki. Ɗaya rabin, mai fanka, aka ɗora kan bulo biyu a bayan ɗakin, a wani lungu tsakanin bango da katanga, cikin tsakar gidan mata. Yakubu ya ce: "Na yarda ta zauna, muddin ɗakin nan yana da sanyi. Ran da ya daina, zan zo in ɗauke ta."

Sabi'u ya ji haushi da ba a ba shi kafawar ba, amma ya haɗiye. Shi dai Inna ta zauna. In aka kai ta Damagaram, wa zai riƙa zuwa gaisarwa ran Juma'a ta zage shi ta ba shi fura?

Wata biyu kilim na aiki lafiya. Sai da bazara ta kai tsakiyarta, lokacin nan da iska ke ɗaukewa ɗif, ko ganyen bedi ba ya motsi, sai ga wayar Abdulgafar wata Asabar bayan azahar.

"Kai bawa, zo ka ga ikon Allah. Injin Inna ya koyi rubutu."

Sabi'u ya hau moto, babur ɗinsa, ya je. Ya tarar ɗaki kamar tanda, Inna kishingiɗe tana fifita da faifai, gumi na bin wuyanta. A goshin kilim ɗin kuwa wata ƴar wuta na ƙyaftawa, harafi ɗaya mai kamar tsani mai taki guda, da lamba uku a gefensa.

"Ash turwa," in ji Sabi'u, yana karanta harafin da lambar da faransancinsa na bakin aiki.

"Wace ce kuma haka?" in ji Inna. "Ƴar gidan wa?"

"Ba mutum ba ce, Inna. Injin ne yake cewa zuciyarsa ta yi zafi. Akwai wani abu a ciki mai tsaronsa, in zafi ya kai wani wuri sai ya kashe shi da kansa, don kada ya ƙone. In ya huce ya tashi, in ya sake zafi ya sake mutuwa."

"Shi da aka kawo don ya yi maganin zafi, shi ne zafi ya dama? To ni wa zai kashe ni in huce?"

"Subhanallahi, Inna, bar faɗin haka."

Ya ciro ragar ciki ya wanke, ba wani datti. Ya ce zai ga na waje. Ka san tun da Abdulgafar ya yi aure Sabi'u ba ya faɗa wa tsakar gida haka kawai. Abdulgafar ya leƙa ya ce: "Ku kimtsa, ga mai gyara nan." Aka ji tsintsiya na tafiya shar-shar, aka ji an kawar da kwanuka, sannan aka ce ya shigo. Raishatu, matar Abdulgafar, mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Ya tarar da lungu fes, an share an yayyafa ruwa, injin na ƙyalli kamar kwanon amarya. Kaji ne kawai guda biyar suke ta tono a gindinsa.

Ya kore su, ya zura hannu ta bayan injin, inda tsakaninsa da bango bai wuce tafin hannu ba. Ya ji siraran haƙarƙarin nan da iska ke bi sun toshe da wani abu kamar yaɓen laka. Ya ce ƙurar wata biyu ce. Ya kwance murfi, ya wanke da ruwa da buroshi har ya ga haske ta ciki, ya mayar, ya kunna. Sanyi ya sauko. Ya kaɗe hannu ya ce wa Abdulgafar: "An gama. In ya sake, ka canza mini suna."

Ran Talata bayan azahar waya ta yi ƙara.

"Wane suna kake so?" in ji Abdulgafar. "Na tanadi guda uku."

Ash turwa ta dawo. Kuma abin da ya fi muni, Inna ta kwana biyu tana cewa lafiya lau, amma ranar numfashinta ya yi sama har aka kira likita, labari ya kai Damagaram. Yakubu ya bugo, Abdulgafar ya sa wayar a fili kowa ya ji.

"Ran Asabar ina nan tafe da mota. In na shiga ɗakin nan da azahar na ji zafi, ba shawara zan yi da kowa ba. Ku haɗa mata kayanta."

Inna ta juya fuska bango. Ta shiga jan carbi. Wannan juya bayan ya fi zagi ciwo a wurin Sabi'u.

Aka ce a kimtsa, aka share, ya shiga. Lungu fes, inji na ƙyalli, kaji na tono. Bayan injin kuwa ko kallo bai yi ba, ai shi ya wanke da hannunsa kwana uku da suka wuce. Ya auna wuta, wuta daidai. Ya sa agogon awon gas, ya ga allura ta haura sama fiye da inda ya kamata, ya tsaya yana harararta. Ya ce watakila ɗan gwangwanin nan ne mai tayar da inji ya gaji, ya koma rumfa ya ɗauko sabo ya sa. Lokacin la'asar ta yi sanyi, inji ya huce, ya tashi. Ya tafi gida yana cewa to.

Laraba da azahar, ash turwa.

"Rana ce," in ji Sabi'u. "Wanda ya kafa shi bai san ƙasar nan tamu ta Damargu ba. Ya ajiye inji inda rana ke dukansa tun hantsi."

Ya sayo zana, ya kafa sanduna huɗu, ya yi masa rumfa daga sama, da tsawo, yadda iska za ta wuce. Abdulgafar na tsaye yana sakace.

"Saura ka kawo masa buta da tabarma. Ko a nemo masa mata?"

"Ka matsa mini ko in ɗaure ka a sandar nan."

"Shekara tara kana yawon koyo, ashe saƙar rumfa ka koyo. Da ka zauna Falanko ai da ka fi haka iyawa."

Raishatu daga ƙofar madafa ta ce: "Ni dai ba laifina, mijin Nafisa. Kullum sai na wanke shi da ruwa, ko ɗana ba na yi wa haka."

"An gode," in ji Sabi'u, bai ma saurara ba.

Alhamis da azahar, ash turwa. A inuwa, ƙarƙashin sabuwar rumfa, ba kunya ba tsoron Allah.

Ranar Sabi'u bai yi wa kowa magana ba sai injin. Ya tsuguna gabansa yana cewa: "Me kake so? Wuta an ba ka. Inuwa an ba ka. Fankarka na juyawa. Me na yi maka?" Wata kaza ta zo ta tsakanin ƙafafunsa tana tsattsaga, ya kai mata duka da sukundireba ya kuskure, ya bugi bulo da yatsa. Ya yi salati da ƙarfi. Da zai fita ya leƙa ɗakin Inna, ya ga Raishatu ta fara ninke zannuwanta tana sawa a akwati. Inna ta dube shi ta ce: "Bar wahalar da kanka, ɗan nan. In Allah Ya rubuta a Damagaram zan cika, injinka ba zai goge ba." Ya sa kai ya fita.

Da ya koma gida ya tuɓe riga ya jefar, ya ƙi cin abinci. Nafisa ta ɗauki rigar za ta jiƙa, ta kaɗe ta, ta tsaya.

"Maigida, sussuka ka koma yi?"

"Wace irin sussuka? Ki bar ni da abin da ya dame ni."

"To wannan fa? Ƙaiƙayin gero ne cike da aljihunka. Jiya ma haka, shekaranjiya ma haka. Na ce ko wani aikin ka samu a masussuka kana jin kunyar faɗa."

Ya karɓi rigar ya juye aljihu a tafinsa. Ƙaiƙayi ne, ba shakka, ɗan gona ko ya gudu ya san shi. Sai kajin nan suka faɗo masa a rai. Me kaza take nema a wurin da aka share aka yayyafa ruwa, kwana da kwanaki, ba ta gajiya?

Ka san Inna ba ta shan furar geron kasuwa. Tun tana amarya, geronta a zangarniya yake zama cikin rumbu, dami-dami, kullum a ciro na ranar a sussuke a sheƙe a surfa. Ta ce geron da ya kwana a buhu ya rasa ransa. Wannan Sabi'u ya sani tun yana yaro. Abin da bai sani ba, a ina ake shiƙar, a wannan bazara da iska ta ƙaurace wa gari.

Ran Juma'a bai jira waya ba. Da hantsi ya tafi, ba akwati ba moto, kamar mai zuwa gaisuwar da ya saba. Abdulgafar ya fita kasuwa, ba mai cewa a kimtsa. Ɗakin Inna ta zaure ake shigarsa, ya yi sallama a hankali ya zauna. Kilim na aiki, amma da nishi. Daga tsakar gida ana jin taɓarya, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ana jin dariya.

"Inna, biki ake yi?"

"Aikin gida ne. Sha furarka."

Ya tashi ya ɗaga labulen ƴar tagar baya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga Raishatu tsaye gaban injin, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo gero cikin wata ƙwaryar a ƙasa, iskar fanka na kwashe ƙaiƙayi kamar an aiko ta. Bayanta mata huɗu na maƙwabta a layi, kowace da ƙwaryarta a kai, wata har da buhu. Ƙaiƙayin kuwa in ya tashi sai ya bugi katanga, ya rasa hanya, sabuwar rumfar Sabi'u ta tare shi daga sama, ya juyo ya bi ta bayan injin, injin ya shaƙe abinsa. Yana kallo wata ta gama, Raishatu ta ɗebo ruwa a moɗa ta watsa wa injin ta goge masa fuska da tsumma, don kada a ce an bar shi da datti.

Bai san lokacin da ya zagaya ya faɗa tsakar gida ba sallama ba. Mata suka watse suna jan mayafi.

"Raishatu! Kashe ni za ku yi? Kwana shida! Kwana shida ina zagin wanda ya kafa, ina zagin rana, ina zagin wuta, ashe masussuka kuka buɗe!"

"A'a, mijin Nafisa, daga ina kuma? Ba a ce a kimtsa ba!"

"Kimtsawar ce ta kashe ni! Ku share, ku wanke, ku kira ni in zo in yi ta hauka gaban kaji!"

"To me muka yi masa? Iskarsa kawai muka ara. Ta gaba muke tsayawa, ko taɓa shi ba ma yi."

"Ta gaba yake fitarwa, ta baya yake shaƙa! Zo ki gani." Ya kashe wuta, ya zura hannu ta baya, ya ɓamɓaro wani ɓawo mai kauri kamar ƙanzon tuwo, ya ɗaga. "Ƙaiƙayinku ne wannan. Ruwan da kike watsawa shi ya dama shi ya zama yaɓe. In aka toshe miki hanci da wannan aka ce ki yi daka da azahar, ba za ki faɗi ba?"

Wata tsohuwa cikin maƙwabtan ta ce: "Yo mu ina muka sani, ɗana? Cewa aka yi mu zo, akwai iska."

"Wa ya ce?"

Sai murya ta fito ta taga. "Ni na ce."

Sabi'u ya juya. Inna ce, ta dafa taga da hannu biyu.

"Ni na ce. Ina kwance ina jin iska na zuba a bayan ɗakina dare da rana, ba mai amfana. Ga yarinyar nan tana tsayuwa a rana da ƙwarya tana jiran iskar da ba za ta zo ba. Ga maƙwabta haka. Ni'imar Allah ce za a bari tana zubewa a lungu? Almubazzaranci ke nan, kuma da shi za a tambaye ni."

"Inna, da kin gaya mini!"

"Ka tambaye ni? Kai da injinka kake magana."

Me zai ce? Ita ta goya shi. Ya ɗaga kai sama ya ce la haula, ya ce wa Raishatu ta ba shi bokiti.

Kafin a tafi masallaci ya wanke haƙarƙarin nan ɗaya bayan ɗaya, ruwan da ya fito har kaji suka bi shi. Bayan an sauko ya dawo da ƙarafa biyu, ya kafe a bango, ya ɗaga injin sama da tsayin mutum, ya ba shi tazara daga bango. Matan suna tsaye daga nesa suna kallonsa kamar wanda ya rufe rijiya. Inna ta aiko a gaya masa, in dai furarta za ta koma ta geron buhu, gara a kai ta Damagaram ɗin.

"Allah Ka ba ni haƙuri," in ji Sabi'u.

Ya koma rumfa, ya kwance fankar wani mataccen kilim da ya shekara a ƙofa, ya ɗaura ta a kan tsohuwar kujerar ƙarfe, ya ja waya har can gindin rumbu, ƙarshen gida, ya juya bakinta waje ta inda katanga ta yi gajere. Ya kunna. Raishatu ta gwada da ƙwarya guda, ta ce: "Iskar wancan ta fi ɗumi, amma ba laifi."

Ran Asabar Yakubu ya iso ana kiran azahar, mota har ƙofar gida, an kwantar da kujerar baya an shimfiɗa katifa. Ya yi salla, ya shiga ɗaki ya zauna. Sabi'u na tsugune a bakin ƙofa, idonsa a goshin kilim. Ƙarfe biyu ta wuce. Uku ta wuce. Aka yi la'asar aka dawo, ba tsani ba uku, sai sanyi. Inna ta ja bargo har haɓa.

"Kai Sabi'u, rage abin nan. So kake ka kashe ni da ɗari a tsakiyar bazara?"

Yakubu ya yi dariya, ya tashi ya ce a fitar da zannuwan daga akwati. Ya kwana ɗaya ya koma da katifarsa.

Abdulgafar dai bai fasa ba, sunan da ya zaɓa shi ne Sarkin Shiƙa, kuma sunan ya bi Sabi'u har tasha. Yanzu in waya ta yi ƙara da hantsi, sau da yawa ba firigo ba ne, matan unguwar Inna ne, fankar rumbu ta tsaya. Yakan yi faɗa, ya ce shi ba don wannan ya yi shekara tara a waje ba, sannan ya hau moto ya tafi. In ya gama ya shiga ya gaida Inna, ta ce ya rame, ta ce Nafisa ba ta ba shi abinci, ta tura masa ƙwaryar fura. Kafin ya fita kuma sai ya zagaya bayan ɗaki, ya taka bulo, ya zura hannu ta bayan injin ya shafa, ko da jiya ya wanke.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya a ɗakinta, Ya sanyaya wa Sabi'u zuciya, mu kuma Ya raba mu da zafin da ya fi na bazara. Amin.